Kunkurun Gwaggo da ɗaurin shekara 10: me dokar kare kunkurun teku da tsuntsaye ta ce?

Da sanyin safiyar Lahadi Gwaggo ta kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce in zo maza in raba ta da kunkurunta. Wannan kunkuru ya girme ni. Tun muna yara muke hawa bayansa a tsakar gidanta da ke Gangare, ana korar mu da tsintsiya. Na ce, "Gwaggo, lafiya? Me ya yi miki?" Ta ce bai yi mata komai ba, saƙon murya aka turo a zauren WhatsApp na matan Islamiyyarsu, wai gwamnati ta keɓe gandu a bakin teku domin kunkuru da tsuntsaye, ta kuma kafa doka cewa duk wanda aka samu da kunkuru ko tsuntsu a gida ɗaurin shekara 10 ne ko tarar naira miliyan 12, kuma an kusa fara bi gida-gida. Kafin la'asar na ji irin wannan magana a bakin mutum uku, har da wani mai kiwon tattabaru a Rikkos da ya fara neman mai saye a kan kowane farashi.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara 10 ɗin nan da miliyan 12 ba mai saƙon ne ya ƙirƙire su ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko alƙaluma na gaskiya ya ɗora su a kan mutanen da ba da su ake ba, sannan ya yi shiru a kan waɗanda da su ake, alhali wasunsu a cikinmu suke.

Alƙaluman sun fito ne daga wani ƙudiri na kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wanda ɗan Majalisar Wakilai Terseer Ugbor daga Binuwai ya gabatar a 2024. Majalisar Wakilai ta amince da shi a watan Mayu 2025, Majalisar Dattawa ta bi sahu a ƙarshen Oktoba 2025. Ƙudiri kuwa, ko sau nawa aka buga masa guduma a majalisa, ba ya hawa kan kowa sai ya zama doka. Sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 daga lokacin da aka miƙa masa, ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa kafin ya wuce ba da shi ba. Duk wanda ya tsaya maka a ƙofar gida yana karanto maka hukuncin da majalisa ta amince da shi, tambayar farko da za ka yi masa ita ce ranar da aka sa hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutane suna rawar ɗari a kan sabon ƙudirin, ba su san cewa akwai doka a kan wannan batu tun 1985 ba. Dokar soja ce mai lamba 11 ta waccan shekara, aka gaje ta cikin kundin dokokin tarayya, aka yi mata gyara a 2016. Ita kuma tushenta yarjejeniyar duniya ce da ake kira CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 1975, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta. Tun 1985 dokar tana nan, kunkurun Gwaggo yana cin ganyen latas ɗinsa, ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a san cewa kwaɗo biyu ake amfani da su wajen kulle namun daji, kuma mai saƙon muryar ya cakuɗa su. Akwai kwaɗon wuri, akwai kwaɗon jinsi.

Kwaɗon wuri shi ne gandu. Idan aka shata wa wani yanki iyaka aka ce an keɓe shi, to abin da ke ciki ya haramta a taɓa saboda inda yake, ko da a wajen iyakar halal ne. Mu mutanen Jos bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ga gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Joseph Gomwalk. Ga dajin Amurum a Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take, daji ne da bai fi hekta 300 ba amma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa, har da wani ɗan jan tsuntsun kan duwatsu da masana ba su ba shi suna a littattafansu ba sai a 1998. Kurciyar da yaro zai harba da danƙo a bayan gidansu, in ya harbe ta a cikin irin wannan wuri ya taka doka. Gandunan da ke hannun tarayya kuwa, irin su Gashaka-Gumti da Kamuku da Tafkin Kainji, dokar hukumar gandun daji ta ƙasa ta 1999 ce ke tafiyar da su, ta hana shiga ba izini, da farauta, da kiwo, da saran itace, da cinna wuta.

To haka gandun bakin teku yake, bambancin kawai a maimakon duwatsu da ciyawa, rairayi ne da ruwan gishiri da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a cikin laka. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853 daga Legas zuwa Kuros Riba. A tsibirin Bonny na jihar Ribas akwai gandun Finima mai faɗin kusan hekta 1,000, wanda kamfanin iskar gas na NLNG ya keɓe, inda ake samun aku da ungulu, kunkurun teku kuma na fitowa gaɓarsa. A Legas akwai gandun Lekki mai hekta 78 da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta buɗe a 1990. A Akassa ta jihar Bayelsa, jama'ar gari ne da kansu suka daɗe suna gadin rairayin da kunkuru ke ƙwai. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandunan tarayya 10, biyu daga ciki, Apoi da Edumanom, suna cikin fadamun Bayelsa. Da alama daga nan mai saƙon ya tsinto zancen "an keɓe gandu a bakin teku". Abin da bai faɗa ba shi ne a cikin goman nan akwai Pandam ta nan Filato, da Falgore ta Kano, da Kogo ta Katsina, da fadamar Haɗeja. Dokar gandu dai iyakarta iyakar gandu. Ƙa'idar Finima ba ta da hurumi a Gangare.

Kwaɗon jinsi shi ne wanda ke bin dabba duk inda take, a gandu ko a kasuwa ko a bayan mota. Dokar 1985 ba ta ce "kunkuru" ko "tsuntsu" a dunƙule ba. Jadawali gare ta, wato jerin sunaye. Jadawali na farko na dabbobin da ke bakin ƙarewa ne, su an haramta farautarsu da kama su da cinikinsu ɗungurungum. Na biyu na waɗanda ba su kai can ba amma za su kai in ba a taka wa cinikinsu birki ba, su ana iya hulɗa da su in akwai lasisi. Kaza, agwagwa, talo-talo, zabin gida da tattabarun kiwo dabbobin gida ne, ba su da alaƙa da wannan doka ko kusa. Mutumin Rikkos ya kwantar da hankalinsa.

Yanzu kunkuru. Harshenmu ne ya ɗan cuce mu a nan, don kunkurun tudu muka sani da kififiyar rafi, shi kuwa na teku sai muka ara masa sunan na gida. Yawancinmu kifin rijiya ne a wannan fanni, ba mu taɓa ganinsa ba sai a hoto. Halitta ce dabam. Ba shi da ƙafafun takawa, filafilai gare shi na iyo, kuma ba ya iya maƙale kai cikin ƙoƙo kamar yadda muka san kunkuru da yi. Iri bakwai ne a duniya, biyar daga cikinsu suna ratsa ruwan Najeriya. Mafi girmansu bayansa fata ce mai kauri a maimakon ƙoƙo, yana iya wuce kilo 500. Wanda teku ya taɓa turowa gaɓar Wales a 1988 kilo 916 ya auna, wato ya fi ƙaton bijimin layya. Dukkan irin kunkurun teku suna rukunin farko na CITES, inda aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Dalilin tsananin yana cikin yadda yake haihuwa. Macen ce kaɗai ke fitowa tudu, da dare, ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai kimanin 100 ta rufe ta koma ruwa, ba ta sake waiwayarsu. Wajen wata biyu ƙwan ke yi, zafin rairayin ne ma ke yanke ko maza za a samu ko mata: in ya yi zafi sosai mata su rinjaya. 'Ya'yan in sun fashe cikin dare sukan nufi inda ya fi haske, wanda a da can shi ne saman teku. Yanzu fitilun otal da na titi sai su juya su zuwa tudu, rana ta fito ta gasa su ko karnuka su cinye. Ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne kusan ɗaya cikin 1,000 ke rayuwa har ya girma, girman kuma ga wasu irin sai an shekara 20 zuwa 30. Wadda ta tsallake duk wannan takan dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta don ta yi nata ƙwan. Saboda haka wanda ya kife uwa ɗaya a rairayi ya yanka, ya kwashe ƙwan a bokiti, ya cinye noman shekara talatin a dare ɗaya. Shi ya sa gandun bakin teku ke hana abubuwan da baƙo zai ga kamar ƙananan abubuwa ne: haska tocila da dare, tuƙa mota a rairayi, ɗibar yashi.

Akwai ma ƙa'idar da ta shafi manyan jiragen kamun jatan lande. Kunkurun teku iska yake shaƙa, in ya daɗe a cikin koma sai ya nitse ya mutu. Tun 1996 Najeriya ta wajabta wa jiragen sa wani ƙarfe mai sanduna a wuyan komar, jatan lande ya wuce ta tsakanin sandunan, kunkuru ya zame ya fice ta wata kafa. Gaskiyar magana ba tausayi zalla ya kawo wannan ba: Amurka ta yi doka a 1989 cewa ba za ta sayi jatan landen ƙasar da jiragenta ke hallaka kunkuru ba.

Kunkurun Gwaggo fa? A nan ba zan yi mata daɗin baki ba, ba kuma zan yi wa mai karatu ba. Babban kunkurun nan na Sahel da muke ajiyewa a gidaje shi ma ya ragu ƙwarai a daji, saboda kama shi da ake yi ana sayarwa da kuma ƙarewar dajin kansa. Yana rukuni na biyu na CITES, kuma tun shekarar 2000 aka tsayar da fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa waje don ciniki. Ke nan shi ba kaza ba ne. Amma a duba ayyukan da dokar 1985 ta ambata: farauta, kamawa, ciniki. Tsohuwar da ta gaji kunkuru tun kafin a rubuta dokar, ba ta kamo ba, ba ta sayar ba, ba ta yi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ranar da za ta shiga sahun masu ciniki ita ce ranar da tsoro ya sa ta miƙa shi ga dillali ta karɓi kuɗi. Abin da jita-jitar ke tura mutane su yi don su tsira, shi ne ainihin abin da dokar ta hana.

Sai dai akwai wata 'yar jimla da ke rikita ko da waɗanda suka karanta dokar, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. A wajen jadawali na biyu, bayan an lissafa farauta da kamawa da ciniki, sai aka ƙara da cewa ko yin wata hulɗa da dabbar ta kowace hanya ba tare da lasisi ba. Wannan "ko wata hulɗa" buhu ne mai faɗin baki. Mai son tsorata jama'a zai ce ciyar da dabbar ma hulɗa ce. Sai dai akwai ƙa'idar fassarar doka da kotuna suka daɗe suna bi: idan aka jero kalmomi masu dangi ɗaya sannan aka rufe da kalma mai faɗi, ana fassara mai faɗin ne da irin dangin da suka gabace ta. A kan wannan, hulɗar da ake nufi ita ce mai kama da kamu da ciniki, irin su dillanci, safara, musaya, ko ajiye wa mai fatauci kaya. Haka kuma dokar hukunci in ta zo da harshen damo, akan karkatar da ita ga wanda ake tuhuma. A ganina dai laifin masu rubutun ne da suka bar ƙofar a buɗe, domin jimla irin wannan ba alƙali kaɗai ke karanta ta ba, har da mai neman na goro.

Inda maganar mallaka ta fito ƙarara shi ne a ƙa'idojin da hukumar NESREA ta fitar a 2011. NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke da alhakin tabbatar da bin dokokin muhalli na tarayya. Ƙa'idojin nata sun mai da shi laifi mutum ya mallaki, ko ya kasa don sayarwa, ko ya baje wa jama'a dabbar da ke cikin jerin, idan an samo ta ta hanyar da ta saɓa wa doka. Maƙallin yana kan yadda aka samo ta. Wanda ya sayi aku jiya a hannun wanda ya ɗauko shi daga ramin itace a Kuros Riba, ba matsayinsu ɗaya da Gwaggo ba, ko da su biyun duka "a gida suka ajiye".

Hukuncin kuwa, labarinsa kaɗai ya isa ya nuna me ya sa majalisa ta sake taso da batun. A 1985, tarar laifin farko a kan dabbar jadawali na farko naira 1,000 ce, in an sake kuma ɗaurin shekara 1 ba zaɓin tara. Na jadawali na biyu naira 500, in an sake wata 6. A lokacin dubu ɗaya kuɗi ne na gaske, amma aka bar adadin a haka shekara 31, har ya zama bai kai kuɗin lodin kaya a tasha ba. Gyaran 2016 ne ya ɗaga ta farkon zuwa naira miliyan 5. Duk da haka, mai fataucin da ke cika kwantena, miliyan 5 a wurinsa ladan dillali ne. A watan Afrilu 2019 kaɗai, hukumomin Singafo sun kama ɓawon dankunya, dabbar nan mai cin tururuwa da ke dunƙulewa in ta tsorata, sama da tan 25 a kwantena biyu da suka taso daga Najeriya. A Oktoba 2023 an ƙona kusan tan 4 na ɓawon dankunya a Abuja, a Janairu 2024 kuma aka niƙe tan 2.5 na hauren giwa. Waɗannan su ne mutanen shekara 10 ɗin. Shi ya sa ƙudirin bai tsaya ga ɗauri ba, ya ba masu bincike damar bin sawun kuɗi, ya ba kotu damar ƙwace dukiyar da aka tara da wannan fatauci.

A lura kuma, shekara 10 da miliyan 12 ƙololuwa ce, wato iyakar abin da alƙali zai iya yankewa a laifi mafi muni. Ba farashi ba ne da aka liƙa wa kowane laifi. Kotu ce kaɗai ke yanke shi bayan an yi shari'a, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, ba a hukunta shi kan abin da ba rubutacciyar doka ta kira laifi ba, ba a kuma ɗora masa hukuncin da ya fi wanda ke aiki a ranar da ya aikata. Duk wanda ya zo da riga mai tambari ya ce a biya shi tara a tsaye a zaure, ba doka yake aiwatarwa ba. A nemi katin shaidarsa, a tambayi ofishin da ya turo shi, a kira mai unguwa.

Akwai kuma ɓangare na biyu na masu kuskure, su ne masu cewa ai wannan harkar 'yan kudu ce, mu ina ruwanmu da teku. Waɗannan sun fi ba ni tsoro, don tsuntsayen da dokar ta fi shafa suna ratsa hannunmu kullum. Aku mai toka-toka da jar wutsiya, wanda alhazai ke sha'awa saboda yana maimaita sallama, tun 1985 danginsa suke jadawali na farko, kuma a taron CITES na Johannesburg a 2016 aka mai da shi rukunin farko na duniya. A dazukan kudu ake kamo shi, amma kasuwarsa da hanyar fitarsa sun daɗe suna bi ta arewa, kuma da yawa suna mutuwa a kwali kafin ɗaya ya isa keji. A ƙarshen Yuli 2025 jami'an kwastam a filin jirgin saman Legas sun kama tsuntsaye sama da 1,600, tsirya da kanari, za a kai su Kuwait ba takardun izini. Kanari! Wane ɗan Jos ne bai san mai tarkon kanari ba? Yaron da ke kama biyu-uku yana sayarwa ba ya ganin kansa a cikin fataucin duniya, amma 1,600 ɗin nan da biyu-biyu aka tara su.

Gauraka ma haka. Tsuntsun da ake kira tsuntsun ƙasa, wanda ya ƙawata gidajen sarauta da na attajirai, yau da ƙyar ake ganinsa a dajin Najeriya, kuma kama shi don ado na cikin abin da ya jawo. Ungulu kuwa, duk wanda ya haura shekara 40 ya san yadda take cika rufin kwata da bayan kasuwa a garin nan. Yaushe rabon da ka ga guda? A 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma a yankinmu babban dalili shi ne neman kanta da sassanta don tsibbu, galibi ta hanyar sa guba a mushe. Dokar 1985 ta haramta kamu da guba, da wuta, da farautar dare. Ga kuma dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da jihohinmu suka gada, wadda ke kula da farauta a cikin jiha. Mai kasa kan ungulu a tabarma ya fi Gwaggo kusa da kotu nesa ba kusa ba, shi kuwa ban ji an tura masa saƙon murya ba.

Tsuntsu bai san iyakar jiha ba. Mun san shamuwa da ke zuwa da damina ta tafi da kaka. Haka wasu ke tasowa daga Turai su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, wasunsu su zarce har bakin teku. Akwai wani ƙaramin tsuntsun teku da ke ƙwai a gaɓar Namibiya ya zo ya yi hutunsa a gaɓar Legas. Gandun da ke Bonny da wanda ke Nguru zango ne a kan hanya ɗaya.

Na ce fashin baƙi zan yi, amma ba zan ɓoye abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Masuncin kwale-kwale da kunkuru ya faɗa wa koma, ya yayyaga ta, doka ta ce ya sake shi. Komar kuwa da bashi ya saye ta, naman da ya saki zai ciyar da gidansa kwanaki, kuma ba wanda zai biya shi ɗinki. A Legas har wasu masu kishin muhalli kan sa kuɗin aljihunsu su fanshi kunkuru daga hannun masunta su mayar ruwa, abin da ya kamata a ce akwai tsarin hukuma a kansa. A gefe guda, mai yashe rairayi da injin, da mai cike gaɓa ya gina rukunin gidaje, suna shafe wurin ƙwan gaba ɗaya, da takardar amincewa a hannu. Babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba mai kimanin kilomita 700 da aka fara a 2024, masu kare muhalli sun yi ta ƙorafi kan dazuka da fadamun da za ta ratsa. Ba na cewa kada a yi hanya. Ina cewa in hukunci mai tsanani zai tsaya kan mai bokitin ƙwai da yaro mai tarko, an bar jaki ana dukan taiki. Kuma dokar da za ta ɗaure mutum shekaru, ya dace a fassara jadawalinta da Hausa da Ijo da Yarbanci, da sunayen da mafarauta da masunta suka san dabbobin da su, a karanta a rediyo. Jerin sunayen Latin a cikin gazet ba sanarwa ba ce ga mutumin Yelwa ko na Akassa.

Wanda ke da aku ko gauraka ko babban kunkuru a gida, abin da ya fi masa shi ne kada ya sayar, kada ya ƙaro, kada ya ɗauka ya tsallaka iyaka da shi ko a matsayin tsaraba, domin fita da irin waɗannan sai da takardar izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Kada kuma ya kai shi bayan gari ya yar. Dabbar da ta saba da tsakar gida ba ta kwana nawa a daji, sanyin Jos na Disamba kaɗai ya ishi kunkurun Sahel. In ya gaji da riƙo, ya tuntuɓi ofishin NESREA na jiha ko sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli, ya miƙa a rubuce, ya karɓi shaida.

Da na je gidan Gwaggo da yamma na tarar har an sa kunkurun a buhu an ɗaure, wani yaron maƙwabta yana jiran ta ce ya tafi da shi, wai akwai mai saye a Bukuru. Na zauna na yi mata wannan bayani tun daga 1985, tana jan carbi tana saurare. Da na gama ta ce, "To ɗan nan, kai ka ce in na sayar ne zan shiga uku?" Na ce haka ne, Gwaggo. Ta sa aka kwance buhun. Ya ɗan jima a dunƙule, sannan ya miƙo wuya ya nufi gindin gwaibar da ya saba kwanciya. Ita kuma ta miƙo mini wayarta ta ce in danna mata wurin magana, tana da abin da za ta faɗa wa matan Islamiyya.